Na Taɓa Kunnena Kawai

Lahadi 4 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Na tashi da sassafe kamar kullum, na cika kwandon ƙwallaye, na ɗauko raket biyu, na je bakin ƙofar ɗakin 'yata. Sai da na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa na tuna ba ta ciki. Jiya daga filin gasa gidan Yaya ta wuce, da kayan wasan a jikinta. Na mayar da kwandon bayan ƙofa, na dafa shayi, na zauna a baranda. Shayin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Rabona da shan shayin safe a zaune shekara tara ke nan, tun ranar da na fara koya mata tanis.

Maigida ya fito yana gyara tabarau ya ce, "Yau babu atisaye?" Na ce babu. Ya ce, "To madalla, ƙwallayen ma su huta." Malamin lissafi ne, shekara ashirin yana zaune da tsohuwar 'yar wasan tanis, amma har yau bai yarda da ƙirgenmu ba. Wai wane irin mutane ne za su ce sha biyar, talatin, sannan su ce arba'in ba su ji kunya ba.

Kwana biyu za ta yi ta dawo. Na san 'yata.

Lahadi 4, ƙarfe huɗu na yamma

Ban kira ta ba. Ita ya kamata ta kira.

Litinin 5, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ajin safe ya yi kyau. Mata huɗu nake koya wa a kulob, ƙaramarsu ma ta girme ni, kuma dukkansu hira ce ta fi kawo su. Ina son su haka. Babu wadda za ta ci kofi a cikinsu, babu wadda ke kuka in ƙwallo ya faɗa raga. Babbarsu muna ce mata Shugaba, don ta yi shekara talatin tana shugabancin makarantar 'yan mata. Kamar ludayi take riƙe raket, na yi gyara har na haƙura.

Muna hutun shan ruwa ta ce, "An ce ranar Asabar an cire wa Bahaguwa maki." Haka duk kulob ke kiran 'yata, saboda da hagu take bugawa.

Na ce, "Alƙalin wasan yaro ne, bai san aikinsa ba."

"An ce saboda ke ne."

"Kunnena na taɓa kawai, Shugaba. Mutum ba zai sosa kunnensa ba?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ta saba yi wa masu satar amsa. "Sau nawa ya yi miki ƙaiƙayi?"

Na ce su tashi a kwashe ƙwallaye.

To, a littafina dai zan iya faɗa. A gasar matasa an hana mai horarwa ya yi wa ɗan wasa magana ko alama daga kujerun 'yan kallo. Kowa ya san dokar, kuma rabin iyayen da ke wurin suna karya ta. In an kama ka sau ɗaya gargaɗi ne, na biyu a cire wa ɗanka maki. Namu makin ya faɗo a wasan kusa da na ƙarshe, ana biyar da biyar a zagaye na uku. Alƙali ya faɗi dalilin a lasifika, kowa ya juyo yana kallona. Minti shida bayan haka an gama da ita. Abin da na ce mata a wajen ajiye motoci kuwa, ko littafin nan ba zai ji ba.

Talata 6, ƙarfe biyu na rana

Yaya ta kira. Ungozoma ce, ta saba ba da labari a taƙaice. "Tana ci, tana barci, tana zuwa makaranta. Ta ce a aiko mata da littattafai da takalma. Ta ce kada ki kawo da kanki."

Na ce, "Yaya, ke fa kike ɗaure mata gindi."

Ta ce, "Ni ɗaki kawai na ba ta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ki bar ta ta huce, shekararta goma sha bakwai, ba goyo ba ce."

Na haɗa jakar. Na ƙara safa shida, da man zafi, da filastar yatsunta, da ayaba. Maigida ya ɗaga ya ce, "Hijira za ta yi?" Ya kai ya dawo ya ce ta gode. Na ce me kuma ta ce? Ya ce ta ce ayabar ta nuna da yawa.

Alhamis 8, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na biya shagon mai tsirkiya a bayan ofishin kulob. Tsohon nan shi ke ɗaure mini raket tun ina shekara goma sha biyu. Ido ya yi rauni yanzu, amma yatsu na nan. In ya ƙyasta tsirkiya da farce ya kara a kunne, zai gaya maka nauyin ɗaurin ba sai ya duba na'ura ba. Ina son zama a shagonsa, da warin roba, da rediyo ƙasa-ƙasa, da kujerar nan da sai ka san gefen da za ka jingina.

Na ga raket uku na 'yata a jingine. Ya ce jiya ta kawo. Ta yi rajistar gasar da za a gama ranar ashirin da huɗu, ta ce a ɗaure mata a kilo ashirin da biyu.

Na ce, "Ashirin da huɗu take bugawa, ka sani."

"Ita dai ta ce ashirin da biyu."

"Ƙwallon zai riƙa tashi mata waje. Ka sa ashirin da huɗu, ba za ta gane ba."

Ya ci gaba da zura tsirkiya bai ɗago ba. "Gwana, raket ɗin nan naki ne ko nata?" Gwana yake ce mini tun ina yarinya, ko ranar da aka lallasa ni. "Duk shekarun da na yi ina ɗaure miki, ban taɓa jin lamba daga bakinki ba. Marigayi babanki ke faɗa, ke kina tsaye kina cin biskit. Da ya kwanta ciwo kika zo ke kaɗai, na ce nawa, kika ce yadda aka saba. Yarinyar nan ta shigo ta faɗi lamba da bakinta. Ni dai na ji daɗi."

Na ce masa tsufa ya sa shi surutu. Ya ce ai tun yana saurayi haka yake, ni ce ban saurara ba. Muka sha shayi, ya ba ni labarin jikokinsa. A ashirin da biyu ya ɗaure.

Juma'a 9, ƙarfe biyar na yamma

Gidan shiru. Na dasa albasa a tsoffin gwangwanayen ƙwallo. Ban kira ta ba.

Asabar 10, ƙarfe uku na rana

Tunda babu atisaye, na buɗe kabad ɗin kofuna na goge su. Ba su da yawa kamar yadda mutane ke zato. Shekara goma sha uku ina yawon duniya da raket, kofuna uku na kirki na ci, duk a ƙananan gasa. Mafi girman matsayin da na kai shi ne ta sittin da ɗaya a duniya, kuma mako biyar na yi a wurin. Maigida ya ce wai mata sittin ne kawai suka fi ni a doron ƙasa, amma ya rasa yadda aka yi kullum da ɗaya daga cikinsu ake haɗa ni a wasan farko.

Ban yi nadama ba. Na ga garuruwa ta tagar bas, na wanke kayan wasa a bahon otal na shanya a kan kujera, na iya cewa ruwa da ƙanƙara a harshe takwas. Sau ɗaya na buga a babban fili, gaban mutum dubu goma sha biyu, da wadda ke ta huɗu a duniya a lokacin. Na ci zagayen farko shida da huɗu. Sauran biyun ba sai na rubuta ba. Amma na ga fuskarta a wannan minti arba'in ɗin, kuma har yau in na tuna sai in ji sanyi a raina.

Duk inda na je, da Baba. Ma'aikacin gidan waya ne, bai taɓa buga tanis ba, ta bayan shingen kulob ya koya yana kallo in ya zo kai wasiƙu. Alamu bakwai gare shi. In ya gyara hula, in matso raga. In ya haɗa hannu a ƙirji, in rage sauri. In ya taɓa kunnen hagu, ƙwallon da nake cillawa sama wajen sabis, wato bugun farawa, yana tafiya bayan kaina, in cilla shi gaba. In ya tashi ya fita kuwa, wannan ba alama ba ce, fitsari ne, kuma mun yi wata uku kafin mu warware wannan. Shekara goma sha uku ba a kama shi ko sau ɗaya ba. Na gaji biyar cikin bakwai ɗin, tunda biyu na hula ne, ni kuwa ba na sa hula. Laifina ɗaya, ba ni da gwanintarsa. Shi in ya taɓa kunne sai ka rantse sauro ne ya cije shi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da aka yi mini ya kai ni ta sittin da ɗaya, shi na yi mata, ban ƙara ba ban rage ba.

Lahadi 11, ƙarfe biyar na yamma

Na samu maigida a falo da tsohon faifan wasana na ƙarshe, da takarda da biro. Na ce me kake yi, ya ce lissafi. Wasan nan ban taɓa kallonsa ba. An buga shi wata takwas bayan ɓarin jikin Baba ya shanye ya daina bina. A watannin nan na gangaro daga sittin da wani abu zuwa ɗari biyu da wani abu. Aka ce gwiwa ce, ni ma na ce gwiwa ce, jaridu suka rubuta gwiwa.

Ya ce, "Arba'in da ɗaya."

"Mene ne arba'in da ɗaya?"

"Sau arba'in da ɗaya kika juya kika dubi kujerun nan na gefen hagu. Babu kowa a wurin sai wani mutum yana cin burodi." Ya cire tabarau. "Ni ban san tanis ba, kin sani. Amma ban ga kin taɓa gwiwar ko sau ɗaya ba."

Na ce masa wanda ƙirgen sha biyar da talatin ya gagara bai kamata ya riƙa ƙirga wuyan mutane ba. Na shiga kicin na hau wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Ya biyo ni, ya ɗauki tsumma yana gogewa. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji ina son sa, duk a lokaci guda.

Litinin 12, ƙarfe bakwai na safe

Gwiwar ma ta yi ciwo. Ba ƙarya na yi ba.

Litinin 12, ƙarfe uku na rana

Ba dai irin ciwon da zai hana mutum wasa ba.

Laraba 14, ƙarfe shida na yamma

Bakin Yaya ya suɓuce a waya, ta ce kullum ƙarfe huɗu suna zuwa filin unguwa da ke bayan tashar bas. Na ce wa maigida zan je sayen batirin agogo. Ya ce, "Ki gaishe da batirin."

Na ajiye mota a bayan shinge. Filin siminti ne, ragar ta yi ciki, an ɗaure tsakiyarta da igiyar shanya. Yaya ce ke cilla mata ƙwallo, da silifas, da jakar hannu a kafaɗa. Wannan baiwar Allah ta karɓi haihuwa ta fi dubu, amma ba ta iya cilla ƙwallo ya faɗi wuri ɗaya sau biyu ba. Ɗaya a ƙafa, ɗaya a sama, ɗaya ya tafi wajen masu jiran bas. 'Yata na bin su duka tana dariya, har ta durƙusa ta riƙe ciki. Na yi ta tunanin yaushe rabon da in ji dariyarta a cikin fili, ban samo ba.

Kilo ashirin da biyun ya karɓe ta. A ƙarar bugun na ji, ƙwallon na fita da zurfi. Tsohon nan zai yi ta yi mini dariya in ya ji, don haka ba zai ji ba. Ƙwallon sabis kuwa har yanzu yana tafiya bayan kanta. Na tsinci hannuna a kunne, a cikin mota, gilashi a rufe, babu mai ganina. Na sauke shi na je na sayi batirin.

Juma'a 16, ƙarfe goma na safe

Na rubuta mata saƙo sau huɗu ina gogewa. Na biyar ya tafi: "Zan zo gidan Innarki ranar Lahadi, in kin yarda." Ta amsa da "To." Maigida ya ce harafi biyu ma ci gaba ne, tunda daga sifili aka taso.

Lahadi 18, ƙarfe shida na yamma

Na same ta a kicin ɗin Yaya tana wanke-wanke, abin da a gidanmu sai an yi shari'a. Ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Na naɗe hannun riga na tsaya gefenta ina ɗauraya.

Na ce, "Abin da na faɗa a wajen motoci, ban kyauta ba. Ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar, Mama. Ba shi ba ne."

"To mene ne?"

Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya. "In na ci wasa, ban san ko ni na ci ba. In aka ci ni, na san ni ce. Kullum haka."

Na buɗe baki zan ce ai don ita nake yi, sai na rufe, domin na tuna wanda ya saba faɗa mini haka.

Ta ce, "Ranar ma, kafin ki taɓa kunne na riga na gane. Ina shirin gyarawa ne. Da kin ba ni daƙiƙa goma."

Na tambaya ko zan iya zuwa gasar. Ta ce wasannin farko Abbanta kawai. In ta kai na ƙarshe ranar Asabar, in zo. "Amma Mama, in na ga hannunki ya motsa, ko tari kika yi, zan ajiye raket a kan benci in fita. Kuma ba wasan ranar kawai nake nufi ba." A hankali ta faɗa, babu fushi, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

Yaya ta leƙo ta ce in an gama sulhu akwai sauran tukunya a kan murhu.

Na dawo gida ni kaɗai, amma ƙirjina ya yi sauƙi. Ta ɗan rame. Ta ƙara tsawo kuma, ko idona ne.

Talata 20, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gaya wa 'yan ajin safe sharaɗin. Shugaba ta ce jarrabawa sai da gwaji. Ta zaunar da ni a benci, ta ajiye agogonta kusa da ni, su huɗu suka shiga wasa: in kalla, kada in ce uffan, kada in motsa. Minti huɗu na yi. Wata ta bugi ƙwallo da gefen raket ya tafi filin maƙwabta, na ji bakina ya ce "lanƙwasa gwiwa" ba da izinina ba. Shugaba ta ce a makarantarta mai irin wannan sakamako maimaita aji take yi. Mun yi dariya har mai shara ya leƙo. Gobe za a sake.

Laraba 21, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Minti goma sha tara. An tafa mini.

Alhamis 22, ƙarfe huɗu na yamma

Maigida ya bugo waya daga filin gasa. Na ce nawa da nawa? Ya ce, "Ina jin ta ci. Ɗayar ce dai ta ba ta hannu tana ɓata fuska." Sai da na kira mai tsirkiya. Shida da biyu, shida da uku.

Juma'a 23, ƙarfe biyar na yamma

Ta sake ci. Gobe ƙarfe goma. Na goge riga, na yanke farce, ban san dalili ba.

Asabar 24, ƙarfe biyar na yamma

Maigida ya zo da dabararsa. Muna zama ya ciro fulas, ya cika kofi biyu da shayi har baki, ya ba ni ɗaya a kowane hannu. Ya ce in na motsa, rigata ce za ta gaya wa duniya. Na ɗora su a kan gwiwoyina na riƙe.

Abokiyar karawarta doguwa ce, mai ƙarfin hannu, mai haƙuri kamar tsohuwa. Tun sabis na biyu na ga ƙwallon 'yata na tafiya bayan kanta. Sau uku ta zubar da sabis biyu a jere. Ana uku da ɗaya ta juyo ta dube ni. Ba da niyya ba, wuya ne ya saba. Idonmu ya haɗu. Kunnena ya yi ƙaiƙayi na gaske, wallahi, irin wanda ban taɓa ji ba. Na sunkuya na dubi shayin. Aka ci ta zagayen farko shida da uku.

A hutun tsakani ta rufa tawul a kai ta daɗe. Da ta tashi sai ta tsaya a layi ta cilla ƙwallo sama sau uku ba ta buga ba, tana barinsa ya faɗo tana duba inda ya sauka. Na ukun ya sauka taku ɗaya a gabanta. Ni ban koya mata wannan ba, ban ma taɓa yi ba. Ta ci zagaye na biyu shida da huɗu, ba ta sake duban inda nake ba. Na ji daɗi, na ji zafi, daɗin ya fi yawa.

A na uku ne na ga abin, ni da doguwar kawai muka gani a duk filin. Duk lokacin da maki ya yi nauyi, kusurwa ɗaya 'yata ke aika sabis, can gefe. Doguwar ta fara matsawa wurin tun kafin a buga. Akwai alamar wannan, ta Baba ce, tafin hannu a kan gwiwa, kuma 'yata ta san ta. Hannuna na kan gwiwar ma, kofin kawai zan ajiye in yi gyaran murya. Biyar da biyar, talatin da arba'in. Na san inda ƙwallon zai je, doguwar ta sani. Can ya je. Aka ci ta bakwai da biyar.

Shayin bai zube ba. Da maigida ya zo karɓar kofunan, sai da ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Na same ta a bayan fili wajen famfo, zaune a kan bulo, tana ƙoƙarin cire filastar yatsunta. Ta miƙo mini hannun. Na durƙusa ina warwarewa.

"Kin ga abubuwa, ko?"

"Na gani."

"Kada ki faɗa. Ni zan faɗa, ke ki ce e ko a'a."

Ta ce cillin ƙwallon sabis. Na ce e. Ta ce ta tsaya nesa da layi da yawa a zagayen farko. Na ce e. Ta ce ta yi gaggawa a gajerun ƙwallaye kusa da raga. Na ce e.

"Shi ke nan?"

"Saura ɗaya."

"Babba?"

"Shi ya ci ki."

Ta dubi yatsunta. Sannan ta ce, "Riƙe shi. Zan nemo da kaina. In na kasa zuwa Laraba, zan zo gida in tambaye ki."

Lahadi 25, ƙarfe bakwai na safe

Allah Ya yafe mini, ina fata ta kasa.

Talata 27, ƙarfe biyu na rana

Na canza zanen gadonta na buɗe tagogi. Maigida ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Laraba 28, ƙarfe shida na yamma

Ta zo ƙarfe huɗu daga makaranta, hannu biyu, babu jaka sai ta littattafai. Na zuba mata abinci na zauna ina jira, amsar na kan harshena tun Asabar. Ta ci, ta ƙara, ta ba Abbanta labarin malamarsu ta kimiyya. Har na gaji na ce, "To, tambayar fa?"

Ta ce, "Au, kusurwar? Tun Litinin na gano, Mama. Ina kwance ina maimaita wasan a kaina, sai na ga yarinyar na jirana a wurin kullum."

"To me ya kawo ki?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar banza. "Gida na dawo mana. Kayana na motar Inna, in ta taso aiki za ta kawo."

Na tashi na shiga kicin wai zan ɗauko ruwa, alhali gorar na kan tebur a cike. Na daɗe kafin in fito.